Maganin ƙwari na bakteriya yana aiki kuwa, kuma zan iya haɗa shi a gida?

Wani ƙanenmu da ke ajin ƙarshe a fannin nazarin ƙananan halittu ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam barka da warhaka. Babanmu yana noman rani, kabeji da tumatir, kuɗin maganin feshi ya kusa cinye ribar, ga tsutsar ma kamar ta daina jin magani. Na karanta cewa akwai bakteriya mai kashe ƙwari. Da gaske tana aiki a irin zafin nan namu? Kuma zan iya samo ta a ƙasar gonarmu in kiwata a jarka a gida in riƙa ba manoma?"

Toh barka kadai ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Eh tana aiki, na gani da idona ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Samo ta a ƙasar gonarku ma zaka iya, don wallahi shine ma mafi sauƙi a duk aikin. Amma maganar jarka a gida a'a, ban yarda ba, kuma zan faɗa maka dalili in mun iso wurin, don nafi so ka fahimta da kanka a kan in hana ka kawai.

Wadda ka karanta ɗin nan sunanta Bacillus thuringiensis, mu Bt kawai muke cewa. Ba sabuwar aba bace. A 1901 wani masani ɗan Japan, Shigetane Ishiwata, ya gano ta tana kashe musu tsutsar siliki, kaga a lokacin annoba ce a wurinsu ba magani ba. A 1911 Ernst Berliner ya sake samun ta a jikin tsutsar garin fulawa a yankin Thuringia na Jamus, daga nan sunan ya fito. Faransa ta fara sayar da ita a matsayin maganin feshi a 1938 da sunan Sporeine, amma bata yi wani kasuwa ba sai wajen 1970 da Howard Dulmage a Amurka ya ware wani nau'i mai ƙarfi da ake kira HD-1, wanda da shi ake yin maganin feshin kasuwa mai suna Dipel har gobe. Ka lura da tazarar nan, shekara kusan 70 tsakanin gano ta da samun maganin da manomi zai amince da shi. Wannan tazarar ita ce ainihin amsar tambayarka.

Yadda take kisa kuwa abu ne mai ban sha'awa. In abinci ya ƙare mata sai ta dunƙule kanta cikin wani ƙwanso mai tauri wanda zai iya shekaru a ƙasa yana jira, a gefen ƙwanson kuma sai ta ajiye wani dunƙulen furotin mai siffar lu'ulu'u. Wannan dunƙulen shine maganin, amma a yadda yake bashi da illa sai an ci shi. Cikin tsutsa ba irin namu bane, namu tsami gare shi sosai, nata kuwa kamar ruwan kanwa yake mai kauri, a ma'aunin pH yakan kai 9 zuwa 10 har ya wuce. A irin wannan ruwan ne dunƙulen ke narkewa, sinadaran narkar da abincinta da kansu su yanka shi ya zama dafi, dafin ya manne a wasu wurare na musamman a bangon hanjinta ya huda shi. Cikin 'yan awanni ta daina ci, bayan kwana biyu zuwa biyar ta mutu. Ni da kai da akuyar gidanku bamu da wannan ruwan kanwar a ciki kuma bamu da wurin da dafin zai manne, cikinmu narkar da shi yake kamar kowane furotin. Shi yasa ƙudan zuma da gizo-gizo da ƙananan zanzaron da ke farautar tsutsa suke tsira in aka yi feshi da ita, su kuma sojojin manomi ne da baya biyan su ko sisi. Mutanen Maraɗi sun san darajar irin waɗannan, tunda can ana kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro ana saki a gonakin gero don ya ci tsutsar zangarniya.

Amma wannan zaɓen da take yi shine kuma iyakarta, kuma gara Baba ya sani tun kafin ya kashe kuɗi. Duk ƙwaron da baya cin ganye sai tsotso, irin su darɓa da farin ƙuda, Bt bata taɓa shi. Fara ma bata ji, ita wata irin funfuna ce ake mata. Ko a cikin tsutsotsin kowanne da nau'insa, kurstaki da aizawai na tsutsar malam buɗe littafi ne, israelensis da aka samo a 1976 a wani kududdufi a hamadar Negev na 'ya'yan sauro da baƙin ƙuda ne, tenebrionis da aka samo a Jamus wajen 1983 na wasu buzuzu ne. Tsutsar kabejin Baba tana ji sosai in bata saba ba. Ta tumatir ɗin nan da manoma ke ce wa sharon, wadda ta yi ɓarnar da har jihar Kaduna ta kafa dokar ta ɓaci a kan tumatir a 2016, ita da wahala, don da ta ƙyanƙyashe sai ta shige tsakanin ganye tana ci ta ciki, sai ka same ta tun tana sabuwar ƙyanƙyasa kuma ka riƙa maimaitawa duk sati. Tsutsar masarar nan da ta shigo mana a 2016 kuwa bata cika jin kurstaki ba, aizawai yafi kama ta, kuma dole maganin ya shiga can cikin mazurarin masarar inda take ɓuya.

Yanzu aikin samo ta. Ka ɗebo ƙasa daga wurare daban-daban, gindin bishiya, bakin fadama, ƙurar rumbu, har matacciyar tsutsar da ka tsinta ta yi baƙi ta yi laushi, wannan ma tafi ƙasar daraja. Ka kankare saman ka ɗebi na ƙasa kaɗan, ka rubuta wuri da rana a kowace leda. A ɗakin gwaji ka dama giram ɗaya a ruwa mai tsafta ka ɗumama a digiri 80 na kamar minti 10, duk mai rai da bashi da ƙwanso zai mutu, sai ka shimfiɗa a faranti ka ajiye a digiri 30. Akwai dabarar sa sodiyam asitet kafin ɗumamawar da aka wallafa a 1987, tana rage maka tarkace. Washegari zaka ga sun fito farare, ba sheƙi, bakinsu ba daidai ba, kamar an ɗiga kakin kyandir. Anan ɗalibai ke murna da wuri. Abin da ke farantin nan zai iya zama Bacillus cereus, 'yar uwarta ta jini wadda ke lalata dafaffiyar shinkafa ta sa mutum amai da gudawa, da ido ba mai iya raba su. Sai ka bar su kwana uku zuwa biyar su yi ƙwanso, ka shafa a gilashi ka zuba shuɗin rini ka duba a madubin duba ƙananan halittu mai ƙara girman abu sau dubu. In Bt ce zaka ga ƙwanson fari yana ƙyalli, a gefensa ga ɗan dunƙule shuɗi mai tsini biyu kamar ƙwayar sha'ir. Na tuna ranar da na fara ganin sa a samfurin da na ɗebo da hannuna, na fi minti goma ban ɗaga kai daga madubin ba.

Ganin dunƙule kuma ba shine kisa ba. Da yawa cikin waɗanda zaka ware suna da dunƙulen amma basu kashe komai da ya dame mu, ko su kashe amma sai an zuba da yawa. Gwajin ƙwayoyin gado da ake kira PCR zai faɗa maka irin ƙwayoyin gadon da take ɗauke da su, amma alƙalin gaskiya tsutsa ce, kuma anan ne aikin ke cin mutum. Sai ka zama makiyayin tsutsa. Ka kiwata har ta hayayyafa a hannunka don ka samu waɗanda kwanansu ɗaya, ka yanko ganyen da ba a taɓa fesawa ba, ka tsoma a maganin da ka sirka kashi biyar ko shida daga mai kauri zuwa mai ruwa, ka bari ya sha iska, ka ɗauki tsutsa da burushin zane mai laushi don ko ɗan matsa ta kayi zata mutu ka ɗauka maganinka ne. In ta masara ce kowacce da robarta, don in ka haɗa biyar a wuri ɗaya da safe ɗaya zaka tarar ta yi ƙiba, cin junansu suke. Dole kuma a samu rukunin da ruwa zalla aka tsoma wa ganyensu, in waɗannan suka mutu fiye da kashi 10 cikin ɗari ka zubar da sakamakon ka sake, komai zafin da zaka ji. Kuma ka sa Bt ɗin kasuwa irin su Dipel ko XenTari a gefe kana aunawa da su, don in naka bai kamo ƙafar na kasuwa ba toh takarda ka samu ba magani ba. Ka maimaita sau uku a ranaku daban. Sannan a duba ko nau'in naka yana fitar da wani dafi da ake kira beta-ekzotoksin, wanda baya zaɓe kuma zafi baya kashe shi, duk nau'in da ke da shi ba a yarda a sayar ba komai ƙarfinsa.

Sai kiwo da yawa, wato inda jarkarka ta shigo. Abincinta bashi da tsada, wannan gaskiya ne kuma a nan muke da sa'a. Tana son abu mai zaƙi ko sitaci kamar maɗin rake ko rogo, da abu mai furotin kamar waken suya ko tunkuza. Tun 1984 wasu masana a jami'ar Nsukka, Obeta da Okafor, suka wallafa yadda suka kiwata nau'in israelensis da busasshen jinin shanu da garin wake da gyaɗa da gurjiya. Kenan kayan suna kasuwar ƙauyenku. Abin da babu a kasuwar shine tsafta irin wadda ake buƙata da iska ba yankewa. Dole a dafa abincin a tukunyar matsi a digiri 121, tankin ma haka, iskar da ake hurawa a tace ta, zafi ya tsaya wajen 28 zuwa 30, a riƙa juyawa dare da rana kwana biyu zuwa uku har ƙwayoyin su fashe su saki ƙwanso da dunƙule.

Akwai lokacin da muka ɗora tanki na lita 10 da yamma, komai lafiya, cikin dare wuta ta ɗauke janareta kuma ba mai, ya kwana kusan awa shida ba iska. Da safe in ka kalli ruwan ya yi kauri ya yi gurɓi kamar abin kirki, sai dai warin ya canja. Muka duba a madubi, sanduna ne zube ba ƙwanso ba dunƙule, ga wasu baƙin ƙwayoyi suna iyo a tsakani. Aikin sati biyu muka dafa muka zubar. Abin da ya tsaya min a rai shine da bamu da madubi da mun ɗura wannan ruwan a kwalba mun kai wa manomi da zuciya ɗaya. Toh jarka kullum a wannan halin take, ba iska, ba a kashe abin da ke ciki ba, kuma duk abincin da Bt ke so su ma masu sa gudawa da taifot suna so. Ga kuma wata matsala, ƙwayoyin gadon da ke yin dunƙulen a kan wasu ƙananan zobba suke waɗanda bakteriyar kan yar in ana ta ɗiba daga tsohon kiwo ana zubawa a sabo kamar yadda ake yi wa nono, sai a wayi gari tana nan da rai amma bata kisa. Ka duba kuma me za a fesa wa, kabeji da tumatir da latas, abin da ake yankawa ɗanye a zuba a kwaɗo yara su ci. Shi yasa nace a'a. Ƙasar Kuba tayi ƙananan cibiyoyin kiwon irin waɗannan a karkara da kayan gida, amma cibiyoyi ne masu ma'aikatan da aka horar da gwajin inganci, wannan shine abin koyi.

Ko ka fito da ruwa mai kyau daga tanki da sauran aiki, don babban abokin gabarta a wurinmu rana ce. Hasken rana yana lalata dunƙulen a kan ganye cikin kwana ɗaya zuwa uku, ruwan sama ya wanke shi, ganyen kabeji kuma santsi gare shi ruwa baya zama. Shi yasa ake busar da ita ta zama gari a haɗa da abin da zai sa ta manne da abin da zai yi mata inuwa. Inda ni ne kai anan zan sa ƙarfina, domin ƙaro da muke da shi a Jigawa da Yobe da Borno, ga Chadi ga Sudan, yana cikin abubuwan da ake gwadawa don wannan aikin, haka sitaci da maɗi. Sai ajiya. Shagon maganin gona mai rufin kwano a watan Afrilu ya wuce digiri 40, na ruwa baya jure wannan, na gari yafi daɗewa. Inaga rabin masu cewa sun gwada bai yi ba, maganin ya mutu tun a kan kanta.

Ɗaya rabin kuma yadda aka fesa ne da abin da ake tsammani. Wani dattijo mai kabeji a fadama mun taɓa bashi, muka fesa tare bayan la'asar. Washegari da sassafe ya kira ni ransa a ɓace wai ruwa muka bashi ga tsutsa nan tana motsi, har ya riga ya bi rabin gonar da tsohon maganinsa. Na je na ce Baba ɗaga ganyen nan mu gani. Tsutsar na nan amma ta lafe, ka taɓa ta da tsinke da ƙyar take juyawa, babu sabon kashi kore a ganyen, ramukan duk bakinsu ya bushe na jiya ne. Na roƙe shi ya bar ɗaya rabin kwana biyu. Rana ta uku sun yi baƙi suna rataye a ganye. Shi ya saba da maganin da kana fesawa suna zubowa, ba laifinsa bane, laifin wanda ya bashi bai masa bayani bane. Don haka ka faɗa wa Baba tun farko, da yamma ake fesawa, tun tsutsa na ƙanana kafin ta kai tsawon farce, a jiƙa ƙarƙashin ganye, abin da aka dama a famfo a ƙarar da shi ranar, kuma in ruwan rijiyar mai kanwa-kanwa ne a nemi wani don zai fara narkar da dunƙulen tun a famfo. A sa takunkumi a kare ido kamar kowane feshi.

Kar kuma ka ɗauka ita ba a saba mata. Tsutsar kabejin nan ita ce ta fara nuna taurin kai ga feshin Bt a gona, a Hawaii wajen 1990, wurin manoman da suka yi ta fesa ta ba hutu. Tsutsar kara a Afirka ta Kudu ma ta saba wa masarar da aka sa wa ƙwayar gadon Bt. In aka mayar da ita ita kaɗai kullum, abin da ya sami maganin Baba zai same ta. Ana juya ta ne da wasu, a tsaftace gona bayan girbi, kar a dasa kabeji kan kabeji. Tunda na ambaci ƙwayar gado, waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019 furotin ɗin Bt ne guda ɗaya, Cry1Ab, a jikin shukar don tsutsar fure da kwanson wake, ya rage feshi daga shida ko takwas zuwa kamar biyu, biyun nan kuma na masu tsotso ne. Wannan hanya ce daban da dokarta daban a hannun NBMA, hukumar da ke sa ido a kan irin da aka canja wa ƙwayar gado a Najeriya, kar a cakuɗa ta da maganin feshi, shi feshi ba ya canja irin kowa. Kuma duka biyun basu maganin ƙwaron wake a buhu, wanda saboda shi ake zuba fiya-fiya har Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015, wannan buhu mai leda biyu da baya shan iska ne maganinsa.

Wani abin da nake so ka kiyaye, cewa abu daga bakteriya ya fito ba yana nufin bashi da haɗari ba. Maganin feshin nan Spinosad daga wata bakteriyar ƙasa aka samo shi, yana aiki sosai a kan sharon, amma yana kashe ƙudan zuma in bai bushe ba. Abamectin da emamectin da ke cike a shagunanmu asalinsu wata bakteriya ce mai suna Streptomyces avermitilis da Satoshi Omura ya ware daga ƙasar Japan, suna da dafi ga mutum da kifi, a riƙe su kamar kowane kemikal. In kana neman hujjar cewa Bt tana aiki a yankinmu kuma a babban aiki, ka karanta shirin yaƙi da makantar kogi na 1974 zuwa 2002. Da baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar ya fara saba wa kemikal ɗin da ake zubawa a koguna, wato temephos, wajen 1980, israelensis na cikin abin da aka koma zubawa a koguna daga jirgi shekara da shekaru, daga baya aka haɗa da raba wa mutane ƙwayar maganin ivermectin, wanda shi ma jikan waccan bakteriyar Omura ne. Nijar na cikin ƙasashen farko a shirin, kuma a Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka.

Game da Baba, wannan ranin ka nemo mai rajistar NAFDAC, in ta Nijar kuke saye ka duba amincewar kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, ka karanta ka ga an rubuta kurstaki ko aizawai da ƙarfinsa a ma'aunin da ake rubutawa IU da ranar lalacewa. Ku ware kunya huɗu ko biyar na kabeji a gefe, ku bar sauran yadda ya saba. Duk bayan kwana uku ka ɗaga ganyen shuka 10 a kowane ɓangare ka ƙirga tsutsa mai rai ka rubuta, ka rubuta kuɗin da kowanne ya ci har girbi. Game da kai kuma, ka je wurin malamin da ke duba aikinka da maganar ƙasa 30 ko 40 daga gonakin yankinku, amma ka fara tambayarsa ko akwai inda zaka kiwata tsutsa, in babu ku nemi haɗin kai da sashen kare amfanin gona tun yanzu, don kiwon kaɗai zai ci maka wata biyu kafin ka fara gwajin farko. In ka ga shuɗin dunƙulen nan a madubi ka ɗauki hoto ka turo min in duba maka siffarsa, mai tsini biyu ne ko mai zagaye, don daga nan zamu san ko tsutsar kabeji zaka fara gwadawa ko 'ya'yan sauro.